Farfesanmu na aikin lambu zai ajiye aiki: da wane ma'auni za a auna shekarunsa?

Hadiza:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Labari ya iso mini cewa Farfesan da ya koyar da mu ilimin aikin lambu zai ajiye aiki a ƙarshen wannan zangon karatu, bayan ya shafe fiye da shekara 30 tsakanin aji da gonar gwaji. Ba zan ambaci sunansa ba, domin waɗanda suka zauna a gabansa sun san wanda nake nufi, shi kuma mutum ne da ba ya son a riƙa ɗaga shi a bainar jama'a. Abin da ya sa na kawo maganar shi ne tambayar da wani abokin aikina ya yi mini da na ba shi labarin, tambayar da ta tsaya mini a rai har yanzu. Cewa ya yi: "To, me ya ƙirƙiro?" Ya ce bai san wani iri da ke ɗauke da sunan Farfesa ba, maƙalun da ya wallafa kuma ba su kai yawan na wasu da suka zo bayansa ba. Na rasa amsar da zan ba shi nan take, alhali na san duk abin da nake ci da shi a yau a hannun wannan bawan Allah na same shi. Ina so mu tattauna a tsanake: idan malamin jami'a ya ƙarar da ƙarfinsa wajen koyar da noman kayan lambu da itatuwan marmari da bincike a kansu, da me ya dace a auna aikinsa?

Dakta Bashir:
Wa'alaikumus salam, Malama Hadiza. Ni ma ɗalibinsa ne, shi ya duba kundin digirina na biyu, kuma ba na jin akwai wanda ya fi ni ganin girmansa. Duk da haka ba zan ɗauki tambayar abokin aikinki a matsayin raini ba. Aikin farfesa ya bambanta da na gwanin lambu ta fuska guda: abin da ya gano dole ya fita daga hannunsa ya shiga hannun mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, su jarraba, su tabbatar ko su ƙaryata. Hanyar da aka sani ta yin haka ita ce rubutu. A 1920 Garner da Allard, ma'aikatan hukumar noma ta Amurka, suka wallafa abin da suka gani a taba da waken soya, cewa tsawon yini ne ke umartar wasu tsirrai su yi fure. A 1962 Murashige da Skoog, a Jami'ar Wisconsin, suka wallafa haɗin sinadaran da ake renon tsiro da shi a cikin kwalba, kuma har gobe da wuya ki shiga ɗakin da ake yaɗa ayaba ko dankali ta wannan hanya ba ki tarar da haɗin nasu a kan kanta ba. Da sun bar abin a littafin aljihunsu, da ya tafi tare da su.

Damuwata game da Farfesa ita ce gwajin gindin lemu, wato tsiron mai saiwa da ake aura wa irin da ake so a kansa, wanda ya faro tun kafin a ɗauke mu karatu. Na ga manyan littattafan da yake rubuta awo a ciki, bishiya bayan bishiya, shekara bayan shekara: kaurin gindi, faɗin inuwa, yawan 'ya'ya, zaƙi da tsami. Abin da ya fito a mujalla daga wannan taska bai taka kara ya karya ba. Na faɗa masa haka a gabansa cikin ladabi, ya ce mini bishiyoyin ba su gama magana ba tukuna. Ban gamsu ba a lokacin, kuma har yanzu da sauran ƙorafi a raina.

Malam Garba:
Dakta, Allah ya ƙara sani. Ni ban yi zurfin karatun da kuka yi ba, ɗan gajeren horo ne ya haɗa ni da Farfesa, daga nan na kama sana'ar renon dashe, ita nake yi har furfura ta cim mini. Bari in faɗi abin da na gani da idona.

Ranar farko da zai koya mana auren bishiya bai hau allo ba. Ya miƙa wa kowa wuƙa ya ce mu wasa, sa'an nan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gwada kaifin a gashin hannunsa, wanda tasa ba ta aske ba ya koma kan dutse. Bayan haka ya durƙusa gaban wani ɗan lemu da kaurinsa bai wuce na fensir ba, ya tsaga ɓawon a tsaye, ya gitta wata tsagar a samanta, ya ɗaga leɓɓan da bakin wuƙa. Ya fere ido guda daga reshen lemun da ake so, a yanka ɗaya ba tare da ya koma ba, ya zura shi a ƙarƙashin ɓawon, ya naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama. Duka bai kai minti guda ba. Ya ce mana rayuwar auren tana cikin wannan siririn sashe mai danshi da ke tsakanin ɓawo da itace, idan na ido da na gindi ba su manne ba, ko iska ta busar da su, ko yatsa mai datti ya taɓa su, an yi aikin banza. Bai bar mu mun taɓa dashe mai rai ba sai da muka ƙarar da tarin rassan da aka datse muna koyo a kansu. Bayan mako uku ya mai da mu wurin, ya nuna mana yadda ake gane idon da ya kama: yana nan kore shar, kuma guntun karan ganyen da aka bari a jikinsa yana faɗuwa da an taɓa shi. Wanda ya mutu ya yi baƙi, karan ya bushe ya ƙanƙame.

Daga wannan darasi na ci abinci, na koya wa yarana na sana'a, su ma sun buɗe nasu wuraren sun koya wa wasu. Duk bishiyar da ta fita daga hannunmu tana 'ya'ya a shekara ta 3 ko ta 4, maimakon mai ita ya shuka ƙwallo ya jira shekara 7 ko fiye, ƙarshe ma ta haifa masa abin da bai yi zato ba. Ban san a wace takarda ake rubuta irin wannan ba, Dakta, amma ina ganin ya kamata ya shiga lissafi.

Malam Isa:
Maganar Malam Garba ta tuna mini da asalin kujerar malamin noma a jami'a. A Amurka, dokar Morrill ta 1862 ce ta kafa kwalejojin da aka ba filaye domin su koyar da noma, dokar Hatch ta 1887 ta haɗa musu tashoshin gwaji, dokar Smith-Lever ta 1914 kuma ta ɗora musu aikin kai ilimin ga manomi har gonarsa. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi wannan tsari, shi ya sa ake cewa nauyi uku ne a wuyan malamin noma, koyarwa da bincike da wayar da kan manoma. Idan muka ɗauki ɗaya muka auna mutum da shi kaɗai, mun sauya sharaɗin da aka ɗauke shi aiki a kai.

Wanda ake yawan kafa misali da shi a wannan fanni shi ne Liberty Hyde Bailey, wanda aka haifa a 1858 ya rasu a 1954. Ya fara koyarwa a kwalejin noma ta Michigan, ya koma Jami'ar Cornell a 1888, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana aikin lambu ta Amurka a 1903, kuma shi ya tsaya kai da fata cewa tsiron da ɗan Adam ya noma ya cancanci nazari irin wanda masana tsirrai ke yi wa na daji. A zamaninsa ana ɗaukar lambu aikin hannu ne kawai, ba abin da jami'a za ta ɓata lokaci a kai ba. Ba a san shi da wani iri guda da ya fitar ya mamaye kasuwa ba, amma ba wanda ya isa ya tambayi me ya ƙirƙiro.

Dakta Bashir:
Malam Isa, misalin da ka kawo ni yake goya wa baya. Bailey ya rubuta littattafai fiye da 60, ya shirya manyan kundaye na ilimin lambu, kuma a 1935 ya miƙa wa Cornell tarin busassun tsirran da ya tara tare da littattafansa domin na baya su ɗora. Da rubutu muka san shi. Malam Garba kuwa, ban musanta ko kalma ɗaya daga abin da ka faɗa ba, kuma na yarda koyarwa irin wannan tana da nauyi a ma'auni. Tambayata ita ce a kan ɓangaren bincike kaɗai.

Hadiza:
Dakta Bashir, ina ganin ba mu yi wa amsar da Farfesa ya ba ka adalci ba, domin maganar cewa bishiyoyin ba su gama magana ba magana ce ta ilimi. Mai nazarin latas ko alayyafo yana iya shuka ya girbe ya maimaita sau da yawa a shekara guda. Mai nazarin gindin lemu yana jiran dashe ya girma, ya fara 'ya'ya, ya kai ƙarfinsa, kuma abin da ake tsoro ya fi yawan bayyana ne a makare. Akwai gindin da yake karɓar aure lafiya lau, bishiya ta yi kyau shekara da shekaru, sai daga baya mahaɗar ta kumbura, ruwa da abinci su daina wucewa yadda ya kamata, ganye ya yi rawaya, bishiya ta fara mutuwa daga sama. Wanda ya wallafa sakamako a shekara ta 5 ya ce gindin ya yi, manoma suka dasa dubbai a kan maganarsa, shi zai ɗauki alhakinsu a shekara ta 12.

Tarihin lemu ya riga ya koya wa duniya wannan darasi da tsada. An daɗe ana aura lemu mai zaƙi a kan gindin lemun nan mai ɗaci, saboda yana jure ruɓewar saiwa kuma yana ba da 'ya'ya masu kyau, har ya zama kusan kowa shi yake amfani da shi. Da cutar tristeza ta ɓulla a Ajantina da Barazil a shekarun 1930 da 1940, wadda ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye suke yaɗawa, sai aka tarar bishiyoyin da ke kan wannan gindin ne take kashewa, miliyoyi suka tafi. Abin da ya fitar da manoma shi ne komawa ga wasu gindaye masu jure cutar, kuma ba a san su ba sai ta hanyar gwaji irin wanda Farfesa ya tsare. A Ingila ma, tashar East Malling da aka kafa a 1913 ta yi suna ne da aikin Ronald Hatton na tattara gindayen tuffa da suka cakuɗe a hannun masu reno, ya tantance su ya ba su lambobi. Daga ciki aka sami M9, wanda yake hana bishiya tsawo kuma ya sa ta fara 'ya'ya da wuri, kuma a yau gonakin tuffa masu yawa a duniya a kansa suke tsaye.

Game da fitar da sabon iri kuwa, wanda abokin aikina ya kafa hujja da shi, a duba tuffar Cosmic Crisp. Bruce Barritt na Jami'ar Jihar Washington ya haɗa iyayenta a 1997, ba ta shiga kasuwa ba sai ƙarshen 2019. Shekara 22 ke nan, kuma kafin lokacin shi ya riga ya ajiye aiki, Kate Evans ce ta gaje shi ta kai aikin gaci. Wannan a jami'ar da ke da kuɗi da fili da manoman da suka tsaya mata. Rayuwar aikin mutum guda da ƙyar take ɗaukar zagaye biyu irin wannan.

Nura:
Iyayena da yayyena, ku gafarce ni in sa baki, ni ɗalibi ne da ke shirin zaɓen abin da zan yi bincike a kai a digiri na biyu. Zuciyata tana kan mangwaro, musamman dalilin da ya sa wasu irin suke cika 'ya'ya bana, baɗi su yi kaɗan. Amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in ɗauki tumatir ko kokwamba in gama cikin lokaci, wai bishiya za ta cinye mini shekaru ba tare da na sami abin wallafawa ba. Idan har abin da Anti Hadiza ta faɗa haka yake, wa zai gaji irin su Farfesa, tunda kowa ana kora shi zuwa ga amfanin wata uku?

Hajiya Binta:
Nura, tambayarka ita ce ainihin ciwon, kuma waɗanda suka ba ka shawarar ba mugunta suka yi maka ba. Tallafin bincike yawanci na shekara 2 ne zuwa 5, ƙarin girma a jami'a ana ƙirga shi da yawan maƙalu, ɗalibi kuma yana da wa'adin da dole ya kammala. Duk waɗannan agogo ne masu sauri, bishiya kuwa ba ta san da su ba. Sakamakon shi ne ka tarar da sashe guda ya tara kundaye barkatai a kan gwada taki kaza da taki kaza a kan kayan lambu iri ɗaya, alhali ba wanda ya san wane gindi ne zai riƙe lemu a ƙasa mai gishiri.

Amma akwai mafita, kuma a wurin Farfesa na gan ta. Yakan yanka dogon gwajinsa gunduwa-gunduwa ya raba wa ɗalibai. Wani ya auna fure na shekara biyu, wani ya bi ingancin 'ya'ya, wani ya tona ya duba saiwa, kowa ya sami abin da zai rubuta kundinsa, awon kuma ya koma cikin babban littafi. Tambayarka ta mangwaro tana yiwuwa a haka matuƙar akwai manyan bishiyoyin da aka san tarihinsu. Wanda zai fara daga dashe ne yake cikin wahala. Shi ya sa nake ganin gonar da malami ya tsare shekara 30 tana daidai da ɗakin gwaje-gwaje da ya gina wa jami'a da hannunsa.

Ni fannina shi ne abin da ke faruwa da amfani bayan an cire shi, kuma a nan ma babu wanda ya fara ya gama shi kaɗai. A 1901 wani ɗalibi a Rasha mai suna Neljubow ya gano cewa iskar etilin da ke cikin gas ɗin fitilu ce take karkatar da tsiron wani dangin wake a ɗakin gwajinsu. A shekarun 1920 Kidd da West a Cambridge suka nuna yadda numfashin tuffa yake hauhawa idan ta zo nuna, suka kuma nuna cewa rage iskar shaƙa a ma'aji yana jinkirta shi. A 1934 Gane ya tabbatar cewa 'ya'yan itacen da kansu suke fitar da etilin. Sai a shekarun 1990 Edward Sisler da Sylvia Blankenship na Jami'ar Jihar North Carolina suka fito da sinadarin 1-MCP da yake toshe wurin da etilin ke kamawa, ya jinkirta nunar 'ya'yan itace. Kusan shekara 100 tsakanin na farko da na ƙarshe. Farfesa bai fara mana da waɗannan sunaye ba. Ya kawo ɗanyen tumatir ya raba kwali biyu, ya jefa nunanniyar ayaba a ɗaya ya rufe, bayan 'yan kwanaki ya buɗe a gabanmu ya ce mu faɗa masa dalilin da na wannan kwalin suka riga na wancan ja. Sai da muka gaji da kame-kame sa'an nan ya ba mu tarihin. Daga ranar na san abin da zan yi da rayuwata.

Saratu:
Ina so in ƙara wani ma'aunin da ba a taɓo ba, wato wa aikin ya amfana. A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Jack Hanna ya fitar da tumatir mai tauri da ke nuna lokaci guda, Coby Lorenzen kuma ya ƙera injin da ke girbe shi, suka shiga gonaki a shekarun 1960. Ta fuskar ilimi nasara ce babba, noman tumatirin gwangwani ya bunƙasa. Amma injin sai mai babbar gona ke iya sayensa, ƙananan manoma da yawa suka bar noman, leburori suka rasa aiki, har aka kai jami'ar kotu a 1979 a kan cewa kuɗin jama'a ya tafi ga amfanin 'yan kaɗan. A gefe guda kuma ga Dennis Gonsalves na Cornell, wanda shi da abokan aikinsa suka samar da gwanda mai jure cutar da ta durƙusar da manoman Hawai tun daga 1992, aka raba musu irin Rainbow a 1998. Har yau ana jayayya a kan hanyar sauya ƙwayoyin halitta da suka bi, amma ƙananan manoma ne suka fara cin moriyar.

Ban yi karatu a wurin Farfesanku ba, na san shi ne a gona. Wata shekara aka kawo wa manoman da nake aiki da su irin albasa daga wata ƙasa mai sanyi, an yabe shi ƙwarai. Suka shuka, ganye ya yi kyau kamar me, amma albasa ta ƙi yin kai. Aka zargi taki, aka zargi ruwa, wasu suka fara zargin juna. Na aika masa da bayani, ya ce zuwa da kai ya fi aike. Ya zo ya tuge guda uku, ya duba wuyansu, ya nemi a kawo masa gwangwanin irin, ya karanta, sa'an nan ya zauna a bakin kwami ya yi musu bayani cewa wannan irin ba ya fara kai sai yini ya kai awa 14 ko fiye, mu kuwa inda muke yini ba ya kaiwa haka, abin da ya dace da mu shi ne irin da awa 11 zuwa 12 ke isarsa. Bai ɓoye musu cewa amfanin bana ya tafi ba. Ya rubuta musu abin da za su riƙa dubawa kafin su sayi iri. Ilimin da Dakta Bashir ya ce Garner da Allard sun wallafa a 1920, ta bakin wannan mutum ya isa ga waɗannan manoma.

Dakta Bashir:
Malama Saratu, na gode, wannan labari ban san shi ba. Malama Hadiza, na karɓi hujjarki a kan haɗarin gaggawa, kuma na janye abin da maganata ta nuna na cewa jinkirin sakaci ne. Inda ban janye ba shi ne wannan: jiran hukuncin ƙarshe bai hana a fitar da awon da aka riga aka yi ba, tare da faɗa wa mai karatu cewa gwaji yana ci gaba.

Bari in faɗi abin da ya sa na matsa. A wata makarantar da na taɓa aiki, wani dattijon malami ya bar gonar mangwaro da ya tara iri-iri daga wurare daban-daban. Taswirar gonar a kansa take, alamun ƙarfen da ya rataya sun yi tsatsa sun zube. Bai daɗe da tafiya ba aka buƙaci fili domin gini. Na shiga ofis-ofis ina roƙo, aka tambaye ni takardar da ke nuna abin da ke cikin gonar da amfaninsa, ba ni da ita. Ina tsaye aka tuge su cikin yini biyu, kuma har yau ban san adadin irin da muka rasa ba. Ku gwada wannan da Charles Rick na Davis, wanda ya yi ta zuwa tsaunukan Andes da tsibiran Galapagos yana tattaro dangin tumatir na daji. Kowane samfuri ya ba shi lamba, ya rubuta inda ya samo shi da yanayin wurin. Ya rasu a 2002, amma cibiyar da ke ɗauke da sunansa tana raba wa masu bincike iri har yanzu, kuma juriyar cututtuka da dama da ke cikin tumatirin da ake nomawa daga irin waɗannan dangi na daji aka ɗauko ta. Ba na so gonar Farfesa ta bi hanyar waccan ta mangwaro.

Malam Isa:
A nan kam ba ni da ja, Dakta. Kuma ina ganin nauyin ya sauka daga kan Farfesa ya dawo kanmu, domin mutumin da ya yi awon shekara 30 yana koyar da aji cike da ɗalibai, ba laifi ba ne idan waɗanda ya yaye suka ɗauki rubutun.

Hadiza:
Na kira Farfesa da yammacin nan na karanta masa abin da kuka rubuta, ban rage na Dakta Bashir ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce Bashir ya yi gaskiya a kan taswira, domin wadda ke akwai tsohuwa ce, an yi ta kafin a cike guraben bishiyoyin da suka mutu. Ya ce littattafan awo suna nan a ofishinsa cikin akwatin ƙarfe, biyu daga ciki ruwa ya taɓa su amma ana iya karantawa. Ya amince a shigar da su kwamfuta, da sharaɗin kada a gyara ko lamba ɗaya ba tare da an tambaye shi ba, saboda akwai shekarun da ya sauya ma'aunin zaƙi, akwai kuma shekarar da famfon ban ruwa ya lalace a tsakiyar fure, kuma duk ya yi alama a gefen shafi da jan biro wadda shi kaɗai ya san ma'anarta. Ya kuma ce a faɗa wa Nura ya zo ya same shi, akwai layin mangwaro a ƙarshen gonar da yake rubuta yawan 'ya'yansu tun suna ƙanana.

Dakta Bashir, idan za ka ɗauki nazarin alƙaluman da tsara maƙalar, ni da Hajiya Binta za mu raba littattafan mu shigar.

Dakta Bashir:
Na ɗauka, kuma sunansa ne zai zo a farko. Ina roƙon a ɗauki hoton kowane shafi kafin a fara shigarwa, har da gefen da ya yi alamar jan biro, sa'an nan a zauna da shi a naɗi bayaninsa a kan kowace alama tun yana ofis.

Malam Garba:
Allah ya yi muku albarka. Ni nawa aikin a gona yake. Zan zo da yarana biyu mu bi layi-layi tare da Farfesa, ya faɗi sunan gindi da na kan, mu buga sabuwar alama a jikin kowace bishiya, Nura kuma ya riƙe takarda ya zana taswira yadda muke tafiya. Malama Hadiza, ki tambaye shi waɗanne bishiyoyi ne yake ganin ba su da na biyu a wani wuri, domin in fara renon gindayen da za a aura musu tun yanzu. Sai sun kai kaurin fensir ake iya sa musu ido, kuma hakan zai ɗauki watanni, don haka ina so in sami jerin sunayen a cikin makon nan.